Wasiyya Ga 'Yan Uwa A Kan Tsoron Ciwon Da Ba A Raɗa Wa Suna Ba

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci jiki, ya shimfiɗa jijiyoyi cikinsa kamar yadda ya shimfiɗa rafuka cikin ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, ya ku ikhwani na Yelwa da Wara da Shanga da tungayen bakin ruwa, ku sani tambaya guda ta yawaita gare ni daga muridai. Wani hannunsa ke sagewa, wani shina jin kamar tururuwa na tafiya a tafin ƙafarsa, wani jiri ke ɗibarsa, wani yatsunsa ke karkarwa har carbi ya kuɓuce masa. Ya tafi asibiti, an ɗebi jininsa, an ce ya komo bayan makonni, ko an tura shi Birnin Kabi ko Sakkwato a ɗauki hoton kansa. Tsakanin wanga da wancan barci ya ƙaurace masa. Sai ya ce mini: Malam, shin wanga tsoro naƙasa ne ga tawakkalina?

Na ce, kuma Allah shi ne masani: tsoro biyu ne, ɗaya bara, ɗaya ɓarawo.

Fasali na farko, cikin tsoron da yake bara. Shi ne wanda ke tashe ka ya kai ka ga sababi, sa'an nan ya koma bakin ƙofa ya zauna. Wanga ba aibi ba ne, rahama ce da anka dasa cikin halitta. Magabatanmu ba su ɗauki neman magani kishiyar tawakkali ba. Shehu Abdullahi na Gwandu ya wallafa Masalihul Insani, ya haɗa maslahar addini da ta jiki cikin littafi guda. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu 1837, ya wallafa littattafai cikin ɗibbu.

Ku kiyaye alamomi uku da ba a yi musu jira. Na ɗaya, baki ya karkace, ko ɓarin jiki ya mutu, ko magana ta harɗe farat ɗaya: wanga alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kuma sa'o'in farko su ne masu tsada. Na biyu, zazzaɓi tare da sandarewar wuya: a ji tsoron sanƙarau, wanda ya ratsa Kabi da Sakkwato da Zamfara a 2017. Na uku, jijjiga da ta wuce minti 5 ba ta saki ba. Wanda ya ga ɗaya daga waɗanga, ya nemi mota ko jirgi nan take, ya yi zikirinsa bisa hanya.

Fasali na biyu, cikin tsoron da yake ɓarawo. Shi ne wanda ke zuwa bayan ka gama abin da ke kanka. Ka ga likita, ka ba da jini, saura jira. Nan ne waswasi ke shigowa da dare ya riƙa raɗa wa ciwonka suna. Yau ya ce ƙari ne cikin ƙwaƙwalwa, gobe ya ce shanyewa ce, jibi ya ce jifa anka yi maka. To, ya ɗan uwa, a ina ka taɓa ganin an raɗa wa ɗa suna shina ciki? Sai an haife shi, an ga ko namiji ne ko mace, an cika kwana bakwai. Wanda ya raɗa wa ciwonsa suna kafin masana su duba, ya yi hukunci ba da ilimi ba, kuma ya sha azabar ciwo goma alhali guda anka ƙaddara masa, ko ma babu.

Ku sani jinkirin likita ba koyaushe ne alamar sharri ba. Alama guda tana da uwaye da yawa. Sagewar ƙafa kan zo daga ciwon suga, ko ƙarancin sinadarin B12, ko jijiyar da ƙashin baya ya danne. Har shi kansa tsoro, idan ya sa numfashi ya yi sauri, yakan kawo jiri da tsitstsikar yatsu da leɓe, sai mutum ya ƙara tsorata, alamar ta ƙaru. Don haka likita ke fidda sababai ɗaya bayan ɗaya, wani kuwa ba ya bayyana sai an ga yadda kwanaki sunka yi da shi.

Ku dubi tafkin Kainji. Tun da anka gama madatsa a 1968 ruwa ya rufe gungaye da gonaki da itatuwa, kututturansu na nan ƙarƙashi. Mai jirgi ba ya ganinsu. Amma ba ya ƙin fita su, ba ya kuwa rantsuwa cewa kututture na gabansa. Shina tafiya sannu, shina taɓa ƙasa da gora. Haka mai jira zai zama.

Fasali na uku, cikin mafi munin 'ya'yan wanga tsoro, shi ne mugun zato ga bayin Allah. Na ga gidan da zumunci ya yanke domin hannun mutum guda ya yi rawa, anka ce kishiyar uwa ce ta yi sammu. Ku tuna abin da ya auku ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010. Yara na jijjiga suna mutuwa, ba a san dalili ba, har likitocin MSF sunka aika da jini anka gwada, sai ga gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Yara kusan 400 sunka rasu. Da anka san sunan ciwon, anka kwashe ƙasar da ta gurɓata, anka ba da magani, mutuwa ta ja baya. Ƙasar Yawuri ma ana haƙar zinariya, saboda haka mai wagga sana'a ya gaya wa likita, kada kuma ya niƙa dutse inda yara ke wasa. Haka farfaɗiya: ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 7 cikin 10 na masu ita suna iya rabuwa da faɗuwa in sun sami magani daidai.

Fasali na huɗu, cikin abin da muridi zai yi kwanakin jira. Imamu Gazali, a shekara ta 488 ta Hijira, daidai da 1095, shina karantarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, harshensa ya ɗaure, ya kasa furta darasi, abinci ya ƙi zama masa, likitoci sunka yanke ƙauna ga maganinsa. Ya ba da labarin da kansa cikin Munƙizu minad Dalali. Ya rayu har 505, kuma bayan wagga jarrabawa ne ya wallafa Ihya'u Ulumid Dini. Ban kawo wanga don in ce kowane ciwo daga zuciya yake ba. Na kawo shi don ka san watannin duhu ba su ne ƙarshen littafin mutum ba.

To ina yi maka wasiyya da biyar. Ka riƙe wuridinka bisa lokacinsa, in tsayuwa ta gagara ka yi salla zaune, shari'a ta sauƙaƙa maka. Ka sami takarda ka rubuta ranar da alama ta zo da sa'arta da daɗewarta, ka kai wa likita, domin abin da ke takarda ya sauka daga zuciya. Ka gaya wa ɗan uwa guda amintacce, ka bar yawo da ciwonka kasuwa inda kowa ke da labarin wanda ya mutu. In jiri ko faɗuwa ke samunka, kada ka shiga jirgi kai kaɗai, kada ka zauna gab da wuta. Kuma kada ka saɓa ranar da anka ce ka komo, ko da ka ji sauƙi.

Ku kuma ikhwani, haƙƙinsa ne kanku ku raka shi, ku haɗa masa kuɗin mota, ku kame harshenku ga faɗin abin da ba ku sani ba.

In waswasi ya zo da dare, ka ce masa: na yi abin da ke kaina, sunan ciwona shina wurin Wanda ya san shi tun ban ji shi ba. Yarda da ƙaddara ita ce yarda da abin da ya sauka, ba makokin abin da bai sauka ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sanya natsuwa zukatan masu jira, ya shiryar da hannun masu magani. Amin. Tammat bi hamdillahi.