Ɗan Fashi Mai Hannu Ɗaya

Ɗana, ajiye wayar nan tukuna ka matso kusa. Maganar da zan yi maka yau ba a littafi na fara koyon ta ba, aljihuna ne ya biya kuɗin makarantar.

Ina saurayi na raka shanun maigidana Legas. Da aka gama ciniki ya sallame ni, ya ƙara mini kuɗin mota, ya ce in riga shi komawa gida. Daren tafiyata wani abokina ya ja ni wani otal, wai in ga duniya. A wani lungu na ga injuna jere, kowanne da hannun ƙarfe a gefe, mutanen can suna kiran su kalo-kalo. Na jefa sule, na ja hannun, hotunan lemo da ƙararrawa suka yi ta juyawa. A ja na huɗu sai sulalla suka zubo cikin farantin ƙarfen, ƙarar har cikin ƙirjina. Da na tashi a lokacin, da na tafi da riba. Ban tashi ba. Kafin asuba ladan wahalata ya tafi, kuɗin mota ya bi shi. A saman buhunan goro na dawo Arewa, kwana biyu iska tana duka na, ina tsara ƙaryar da zan yi wa mahaifiyata.

Daga baya na nemi sanin abin da ya cinye ni, domin wanda bai san ramin da ya faɗa ba zai sake faɗawa. Wani bakanike mai suna Charles Fey ne ya ƙera injin da ya yi suna a birnin San Faransisko na Amurka, a ƙarshen ƙarni na 19. Ya sa masa suna Liberty Bell: faifai uku ne ke juyawa, in ƙararrawa uku suka jeru ka ci senti 50. Amurkawan da kansu suka yi masa laƙabi da ɗan fashi mai hannu ɗaya. Ka ji sunan da masu abu suka raɗa wa abinsu.

Na yau ya fi wancan iya sata. Faya-fayan da kake gani suna juyawa hoto ne kawai. A cikinsa akwai ƙwaƙwalwar kwamfuta da ke zubo lambobi dare da rana babu tsayawa, kuma daidai lokacin da yatsanka ya taɓa maɓalli an riga an yanke hukunci. Juyawar da ke biyo baya wasan kwaikwayo ne. Saboda haka in ka ji ɗan caca yana cewa, “Wannan injin ya ƙoshi, ya kusa amayarwa,” ka tausaya masa. Injin ba ya tuna wanda ya zauna a gabansa jiya. Ja na dubu da ja na farko duk ɗaya ne a wurinsa.

Akwai kuma abin da ya riƙe ni har asuba, wato “saura ƙiris”. Ƙararrawa biyu su jeru, ta uku ta tsaya kaɗan a sama da layi. A 1984 wani mai suna Inge Telnaes ya yi rajistar wata dabara a Amurka wadda ta ba masu ƙera injin damar sa wasu gurabe su riƙa fitowa fiye da wasu. Da ita ake iya sa gurbin banza da ke maƙwabtaka da babbar alama ya yawaita. Kai kana cewa ka kusa, alhali tun a masana'anta aka gina “kusan”. Wani lokacin ma ka zuba naira 100 ya dawo maka da 40, fitilu su kama walƙiya, kiɗa ya tashi. An ci ka naira 60 ana yi maka guɗa.

Yanzu ɗauko biro mu yi lissafi, don a nan asirin yake. Kowane inji an saita shi ya riƙe wani kaso na duk abin da aka zuba masa. A jihar Nebada, inda birnin Las Begas yake, doka ta yarda inji ya mayar da kashi 75 kacal cikin 100. Mu ƙaddara namu mai kirki ne, yana mayar da 92. Kana jefa naira 100 a kowane ja, kuma ja goma a minti ɗaya ba wahala ba ne. A awa guda ka yi ja 600, kuɗin da ya ratsa injin ya kai naira 60,000. Za ka ce ai 10,000 kawai ka shigo da ita. Gaskiya ne, amma abin da ya mayar maka shi kake sake mayar masa, kuma a kowane zagaye sai ya gutsura. Kashi 8 na 60,000 naira 4,800 ke nan a awa. Wani zai tashi da riba yau, wani ya ƙone cikin minti ashirin, amma duk wanda ya daɗe a zaune, lissafin nan zai cim masa. Shi ya sa gidajen caca da yawa ba sa rataya agogo, ba sa barin taga. Mai gidan bai damu da ka ci yau ba. Zamanka yake so.

Za ka ce ai wani ya ci. Ƙwarai. A 2003 wani matashi ya ci sama da dala miliyan 39 a injin Megabucks a Las Begas, duniya ta ɗauka. Ka tambayi kanka daga aljihun wa aka tara ta. Waɗancan babu mai ɗaukar su hoto.

Ni sai da na je Legas kafin ɗan fashin ya same ni. Kai yana cikin aljihunka, yana kwana a ƙarƙashin matashinka. Faya-fayai masu juyawa, ƙwallon bogi da ake gamawa cikin 'yan mintuna, ɗan jirgin nan da ke tashi kana jiran ka cire kafin ya ɓace, duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta mayar da ikon kula da caca hannun jihohi, kuma Hisba a Kano ta rufe shagunan caca. To amma Hisba tana iya garƙame shago, ba ta iya shiga ɗakinka ƙarfe biyun dare.

Hukuncin addini ka san shi tun kana makarantar allo. Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, ta haɗa caca da giya wuri ɗaya, ta kuma faɗi abin da suke haifarwa na gaba da ƙiyayya da shagala daga salla. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sai a 2013 suka mayar da cutar caca cikin sahun jarabar ƙwaya da barasa. Don haka in ka tambaye ni dabarar buga injin nan da hikima, amsata ɗaya ce: da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

In kuwa ka riga ka tsoma ƙafa, ba zan kore ka ba, amma ka saurara. Abin da ya tafi ya tafi. Kalmar da ta fi kowace kashe ɗan caca ita ce “bari in maido da uwar kuɗina”. Ita ce ke mayar da asarar dubu biyar ta zama ta babur. Ka ɗauki takarda ka buɗe bayanan bankinka na wata uku, ka rubuta abin da ka tura da abin da ya dawo. Zuciya cin kawai take tunawa, takarda ba ta da son kai.

Sannan ka raba kanka da kuɗinka. Ranar da albashi ya shigo ko aka kwashi adashe, kafin rana ta faɗi ka auno hatsi, ka biya haya da kuɗin makaranta, ragowar ka damƙa wa matarka ko mahaifiyarka. Ka ba su katin cirar kuɗin. Babu ƙasƙanci a ciki. Mai ciwon sukari ba ya ajiye zuma a gefen gado. Ka goge manhajojin, ka nemi kamfanin ya rufe asusunka, ka canza hanyar da kake bi in ka tashi daga aiki. Kada ka ci bashi, musamman na manhajojin rance, kuma kada hannunka ya kusanci kuɗin amana, na maigida ne ko na ƙungiya. Daga nan ne caca ke tashi daga asara ta koma gidan yari.

Na ƙarshe shi ya fi wuya: ka faɗa wa wani. Yayanka, malaminka, ko likita. Ciwon nan a ɓoye yake ƙiba. Ni da na iso gida, ƙaryar da na tsara a saman goro ta ƙi fita. Na faɗa wa mahaifiyata gaskiya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kwance bakin zaninta ta ƙirgo kuɗin ƙuli-ƙulinta na kasuwa uku, ta ce in kai wa direban da ya ɗauko ni bashi. Na tsaya ina kallon hannunta da man gyaɗa ya ƙona. Tun daga ranar, duk lokacin da na ji ƙarar sulalla, hannun nan nake gani.

Ɗauki wayarka, ɗana. Allah ya sa maka albarka a cikin guminka, ya tsare ka daga abin da za ka ji kunyar faɗa a gida.