Ƙarar Wanda Ba Shi Da Baki

Sananne ne wajen malaman fiƙihu cewa mai da'awa shi ke kawo shaida. To, yaya ke nan in wanda aka zalunta ba ya iya faɗin abin da aka yi masa?

A shekarar 2011 BBC ta tona asirin Winterbourne View, wani gidan kula da manya masu raunin hankali, kusa da Bristol a Ingila. An ga ma'aikata suna marinsu, suna danne su a ƙasa. Tun da farko wani ma'aikacin jinya ya sanar da hukumar sa ido, aka yi biris da shi. A 2012 aka hukunta mutum 11, aka ɗaure 6.

Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta hore mu da bincika labari kafin hukunci. Bincike kuwa tashi ne a je a gani, ba zama a ce babu hujja ba. Shi ke wanke wanda aka yi wa ƙazafi, shi ke ceton mai rauni. Wanda ƙara ta riske shi ya yi shiru, lalle ya ci amana. Allah Ya kiyashe mu.