Gwiwa a Kan Faranti Mai Karkarwa

Duk wanda ya taɓa tsayuwa a bayan motar kaya a hanya mai gargada ya san cewa in ya sandare ƙafafunsa, kowane rami sai ya ji shi har tsakar ka. In kuwa ya ɗan lanƙwasa gwiwa, cinya ce ke shanye girgizar, da ya sauka ya ji ta yi tsami kamar ya sha gudu.

A kan wannan ɗabi'a ta jiki aka gina wani atisaye da ake yi wa 'yan wasan tanis. Na'urar faranti ne mai faɗi, irin su Power Plate da Galileo, mai karkarwa wajen sau 20 zuwa 50 a daƙiƙa ɗaya, motsin bai wuce 'yan milimita ba. Ɗan wasa zai hau, ya yi rabin tsugunno, ya daure na kamar minti ɗaya. Kowace girgiza tana ɗan jan tsokar cinya, ita kuma ta ɗame nan take, tun kafin mai ita ya ankara.

Tanis na cin gwiwa ƙwarai. A guje ake zuwa, a ci birki, a juya, sa'o'i uku ko huɗu, galibi a fili mai tauri. Tsokar gaban cinya ce birkin. In ta gaza, nauyin ya koma kan jijiyar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Ciwon gwiwa ya hana Rafael Nadal kare kambunsa na Wimbledon a 2009, ya kuma zaunar da shi kusan wata bakwai daga tsakiyar 2012. Roger Federer ma sai da aka yi ta yi masa tiyata a gwiwa kafin ya yi ritaya a 2022.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake tallar na'urar, sai ka ce hawanta kaɗai ke kawo ƙarfi. Wanda ya hau ya miƙe ƙiƙam, haƙoransa ne za su yi ta kaɗawa, kansa ya sara, ya sauka yadda ya hau. Tsugunnon ne ke aikin, girgizar ƙari ce, kuma ƙarin ba shi da yawa ga wanda ya riga ya saba ɗaga ƙarfe. Inda ta fi amfani shi ne ga mai farfaɗowa daga rauni, wanda gwiwarsa ba ta isa ɗaukar nauyi ba tukuna. Shi ma sai likitan gashin ƙashi ya duba shi ya ce ya hau.