Kufai Ma Wa'azi Ne

 

Akwai masu ganin cewa kula da gine-ginen mutanen dauri ba aikin Musulmi ba ne, har suna tsoron kada abin ya kai ga shirka. Lalle tsoron nan yana da tushe, gama Manzon Allah (S.A.W.) ya kakkarya gumakan Ka'aba ranar buɗe Makka. Amma waɗancan gumaka bauta musu ake yi a lokacin. Kufai kuwa, wanda bautarsa ta mutu tun tuni, sha'aninsa dabam ne. A cikin Suratur Rum, Allah ya umurci bayinsa su yi tafiya a bayan ƙasa su duba ƙarshen waɗanda suka gabace su. A Suratu Yunus kuma ya ba da labarin tsirar da gawar Fir'auna domin ta zama aya ga na baya. To, idan alamar ta shafe, me matafiyi zai duba?

Sa'ad da Amru ɗan Asi ya ci Masar, wajen shekarar 641, ya tarar da manyan gidajen tsafin Fir'aunoni, shi da sahabban da ke tare da shi suka bar su a tsaye. A zamanin nan ma, da aka ga ruwan madatsar Aswan zai haɗiye wasunsu, sai Masar ta nemi agajin UNESCO. Tsakanin 1964 da 1968 aka yanyanka gidajen Abu Simbel dutse-dutse, aka sake harhaɗa su a kan tudu, mita 65 sama da mazauninsu na farko.

Wannan fa kufan kafirai ke nan. Ina ganuwar Sakkwato, wadda Muhammadu Bello ya fara ginawa a 1809? Ba Fir'auna ya gina ta ba, jama'ar Shehu ne suka ɗora tubalinta. Damina ta ci rabonta, masu ɗibar ƙasa da masu neman filin gini suka bi saura, har ya zama galibi sai sunaye suka rage a bakin mutane: Ƙofar Rini, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Marke, Ƙofar Atiku. Hubbaren Shehu ya sami masu kula, alhamdu lillahi, domin baƙi ba su yanke masa ba. Ita ganuwa ba ta da mai ziyara.

Saura Surame, birnin Kanta da ke ƙasar Binji, wanda gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa a 1964. Ganuwarsa ta dutse tana nan cikin daji, itatuwa suna tsirowa a jikinta.