Haƙƙin wanda ba ya nan

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, kowace shekara idan aka gama girbi aka kai damman hatsi rumbu, garuruwanmu sukan koma na tsofaffi da mata da yara. Samari sun fita biɗa. Wasu sun nufi Kano da Legas, mutanen Adar sun saba da Abijan, wasu kuma sukan bi ta Agadas su keta hamada zuwa Libiya ko Aljeriya. Rashi ne yake fitar da su, kuma da yawa daga cikinmu da guminsu muke cin tuwo lokacin bazara. To, mene ne haƙƙin wannan saurayi a kan harsunanmu, alhali yana can ba ya jin abin da muke faɗi?

Mu dubi halinsa a bakin mutanen gari. Idan ya aiko da kuɗi uwarsa ta rufa ɗaki da kwano, sai a ce ga-ruwa da sayar da shayi ba su kawo wannan, a bincika dai. Idan shekara ta wuce bai aiko ba, sai a ce ya bi duniya, ya bar salla, wata ta riƙe shi. Idan ya dawo a rame saboda wahala, sai a fara raɗa cewa ciwon zamani ya ɗauko. Wace ƙofa muka bar masa?

Mukan kare kanmu da cewa ai gaskiya muka faɗa. Wannan ba mafita ba ce. A hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa ambaton ɗan'uwa da abin da yake ƙi shi ne giba ko da abin yana tare da shi, idan kuwa babu, an ƙaga masa ƙarya. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta haɗa mugun zato da bin diddigi da giba wuri guda, ta kamanta mai giba da mai cin naman ɗan'uwansa matacce. Malamai sun ce hikimar kamancen ita ce mamaci ba ya iya kare kansa. Haka ɗan ci-rani yake a majalisarmu ta ƙofar masallaci da fadar samari inda ake dafa shayi.

Kuma wa ya gani? Labarin yakan fito ne daga direba, shi kuma ya ji a tasha, daga bakin wanda bai san unguwar da yaron yake kwana ba. Irin wannan karɓa-karɓa ce ta girgiza Madina lokacin da munafukai suka yi wa Nana A'isha ƙazafi bayan yaƙin Banul Musɗaliƙ. Kusan wata guda maganar tana yawo, har salihan mutane suka faɗa ciki, kafin Allah Ya wanke ta a Suratun Nur, Ya kuma zargi masu ɗaukar zance daga baki zuwa baki suna ganin abu ne mai sauƙi.

Ɓarnar ba ta tsayawa ga zunubin mai faɗa. Zancen yakan isa can, ya tarar da yaro yana kwana a rumfar kasuwa. Mun san waɗanda suka yi shekaru ba su dawo ba don tsoron a ce sun zo hannu rabbana, har iyayensu suka rasu ba su gana ba. Mun san baikon da aka warware a kan jita-jita. Akwai ma wanda, da ya ga an riga an yi masa shaidar ɓarawo yana kan halas, sai ya ce to me ya rage. A shekarar 1983 da Nijeriya ta kori baƙi, da 2011 da yaƙi ya ɓarke a Libiya, dubban 'ya'yanmu sun dawo da rigar jikinsu kawai. Laifin wa ke nan?

Ba mu ce kowane matafiyi waliyyi ba ne. Shi ma akwai nasa: ya riƙa aiko da saƙo, ya sanar da iyayensa sana'arsa da abokan zamansa. Annabi (SAW) da kansa, da wasu Ansar biyu suka gan shi da dare tare da mace, ya tsayar da su ya shaida musu matarsa Safiyya ce, don kada Shaiɗan ya jefa musu zato.

Akwai kuma inda Shari'a ta halatta magana. Imamun Nawawi ya lissafa wurare 6 a Riyadus Salihin, daga ciki har da nasiha ga mai neman shawara. Idan uban yarinya ya zo yana tambayar halin wanda ke neman 'yarsa, wanda ya zauna da yaron a can, ya ga aibi da idonsa, wajibi ne ya faɗa masa, shi kaɗai, gwargwadon bukata, ba da nufin ramuwa ba. Wanda kuwa a tasha ya ji, sai ya ce wa uban bai sani ba, ya nuna masa wanda ya sani.