Gunki Ne, Ko Kuwa Aikin Hannu?

Unguwar Kilomita Biyar a birnin Bangi ta sami sunanta ne daga tazarar da ke tsakaninta da tsakiyar gari. Nan ne babbar kasuwa take, nan ne kuma Hausawa da Fulani da Barebari da mutanen Cadi suka daɗe da zama suna fatauci, har baƙo mai jin Hausa ba ya rasa wanda zai amsa masa gaisuwa. Can cikin gari kuwa akwai gidan adana kayan tarihi mai sunan Barthélemy Boganda, mutumin da ya fara zama fada na Katolika daga cikin 'yan ƙasar, kafin ya shiga siyasa ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1959. An buɗe gidan a 1966. A ciki aka tara ganguna da tukwane da makaman farauta da fuskokin itace irin waɗanda ake sawa a wasannin gargajiya. Sa'ad da yaƙi ya shiga Bangi a 2013 da 2014, ginin ya lalace, sai aka kwashe kayan aka zuba su cikin akwatunan katako, gidan ya zauna a rufe shekara da shekaru.

A cikin masu bi ba a rasa wanda zai ji wannan labari ya ce, to, me aka yi hasara? Ai gumaka ne, gara ma da wuta ta cinye su. Mai faɗin haka ba mugu ba ne, sau da yawa ma mutum ne mai kishin Ubangiji. Maganarsa ta cancanci amsa, gama ita ce tambayar da iyaye kan kawo wa malamin coci idan ɗansu ya ce zai tafi jami'a ya koyi zane da sassaƙa.

Jami'ar da aka fi sani da wannan sana'a a ƙasar Hausa ita ce Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Sashen zane ya girmi jami'ar kanta. An dawo da shi daga Ibadan zuwa Zariya a 1955, lokacin makarantar tana kwaleji, jami'a kuwa sai a 1962 aka kafa ta. Wanda ya shiga harabar sashen zai ga fili cike da mutum-mutumi na siminti da ƙarfe da ɗalibai suka bari shekara bayan shekara, a ɗakuna kuma ga zane-zane da tukwane da saƙa. A 1958 waɗansu ɗalibai, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya domin sun gaji da kwaikwayon Turawa kaɗai. Suka ce za su karɓi dabarar da malamansu suka kawo, amma za su koma su koyi zanen iyayensu mata a jikin bango da sassaƙar kakanninsu. To, nan ne zuciyar Kirista take tsayawa. Sassaƙar kakanni ba ita ce aka baro a baya ranar baftisma ba?

Dokar kam a fili take. A Fitowa sura 20 Allah ya hana mutanensa yi wa kansu siffar abin da ke sama ko ƙasa ko cikin ruwa, su rusuna mata, su bauta mata. Amma mai karatu ya daure ya ci gaba da buɗe littafin. A sura 25, Allahn nan da ya ba da dokar ya umarci Musa a ƙera kerubobi biyu na zinariya a bisa murfin akwatin alkawari. A sura 31 ya kira wani mutum da sunansa, Bezalel, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya da azurfa da tagulla, da yankan duwatsu, da sassaƙar itace. Abin lura ne cewa tun kafin a ji an faɗi haka game da sarakunan Isra'ila, an faɗe shi game da maƙeri. Da yin siffa shi ne zunubin, da Allah bai ba da Ruhunsa domin a yi ta ba.

Labarin macijin tagulla ya fi kowanne warware zancen. A Littafin Ƙidaya sura 21, macizai suka yi ta sarar jama'a a jeji, Allah ya ce wa Musa ya ƙera maciji ya sarƙafa a kan sanda, wanda aka sara ya dube shi ya rayu. Isra'ilawa suka adana macijin nan ɗaruruwan shekaru, ba a kuma ce sun yi laifi da adana shi ba. Amma a zamanin sarki Hezekiya, in ji 2 Sarakuna sura 18, an tarar suna ƙona masa turare. Hezekiya ya farfashe shi, aka kuwa lasafta masa wannan cikin ayyukansa na kirki. Tagullar ba ta sāke ba, siffar ba ta sāke ba. Musa ya yi daidai da ya ƙera, Hezekiya ya yi daidai da ya fasa. Abin da ya shiga tsakani shi ne hayaƙin turare.

Abin yana iya bin hanyar nan ta baya kuma. A 1943 aka kawo wa Bernard Fagg, wani jami'in Turawa a Jos, wani kan mutum na gasasshen yumɓu da aka tono a wurin haƙar kuza. Wanda ya same shi ya kafa shi a gonar doya ya zama mutum-mutumin korar tsuntsaye. Daga irin waɗannan kawuna ne aka gane mutanen da ake kira na Nok, da sunan wani ƙauye a kudancin Kaduna, waɗanda suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ko an taɓa yanka wa kan nan kaza, masu yankan sun zama ƙasa, ba wanda ya san ko da sunan abin da suke kira. Hausa ma ta yi adalci da ta ba su suna ɗaya, na gona da na dandali duka mutum-mutumi ne. Mai jin tsoron irin wannan kai a cikin akwatin gilashi yana ba shi girman da tsuntsayen gonar kaɗai suka ba shi.

Mutanen Bangi sun ga ɗaya gefen da idonsu. 'Yan bindigar da ake kira anti-balaka, waɗanda suka shiga birnin ranar 5 ga Disamba 2013 suna ramuwar ta'asar Seleka a kan duk Musulmin da suka samu, da yawa cikinsu suna kiran kansu Kirista, ko da yake shugabannin ikkilisiya sun ce ba da yawunsu ba. Wuyansu da ƙirjinsu cike da layu da guraye, sun gaskata harsashi ba zai huda su ba. Laya ba ta da ido, ba ta da hanci, ba wanda zai ce siffar wani abu ce. Duk da haka a kanta suka dogara, da ƙarfinta suka fita zub da jini, suka rushe masallatai, har Kilomita Biyar ta zama kusan mafaka ta ƙarshe ga Musulmin birnin. Cocin Fatima da ke gefen unguwar ita ma ta sha hari a Mayu 2014 da kuma 1 ga Mayu 2018, aka kashe masu sujada. A duk shekarun nan fuskokin itace suna kwance cikin akwati, ba su sa kowa ya ɗauki adda ba. In ana neman gunkin da ya ci mutane a Bangi, ba a gidan Boganda za a same shi ba.

Akwai kuma abin da ikkilisiya ta samu daga hannun masu wannan sana'a. Onobrakpeya, ɗalibin Zariya, ya zana tashoshi 14 na Hanyar Gicciye a cocin Bulus Mai Tsarki da ke Ebute Metta a Legas a ƙarshen shekarun 1960, ya sa mutanen ciki da tufafin Afirka, har mai kallo ya gane cewa a garinsu ma za a iya gicciye Almasihu. Nwoko ya tsara ɗakin sujada na 'yan Dominikan a Ibadan. Grillo ya yi tagogin gilashi masu launi a coci-coci na Legas. Tun kafin su, a 1947, Fada Kevin Carroll da abokan aikinsa suka buɗe wurin sassaƙa a Oye-Ekiti, suka ɗauki masassaƙan gargajiya su sassaƙa labaran Bishara. Wanda ya fi shahara cikin waɗanda suka yi aiki da shi, Lamidi Fakeye, Musulmi ne, zuriyar masassaƙa, ya kuwa sassaƙa ƙofofin coci. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba takan tsaya gaban irin ƙofar nan ta karanta haihuwar Yesu da yatsa. Maƙwabta Musulmi a Kilomita Biyar da Zariya, waɗanda suka fi Kirista tsanani a kan siffar mai rai, su ma ba su yar da ado ba. Sun zuba shi a zayyanar allo, da aikin wuyan riga, da dagin da magina ke yi a fuskar soro.

Sai dai mai kishin nan na farko yana da gaskiya a wuri ɗaya, ba kuwa ƙarama ba ce. Ga wanda aka haifa cikin coci, dodon gargajiya itace ne da fenti. Ga wanda ya tuba jiya, wanda ya ga mahaifinsa yana zuba jini a kan abin, wanda aka tsorata shi da shi tun yana yaro, ba itace ba ne tukuna. Bulus ya yi maganar irin wannan a 1 Korantiyawa sura 8, a kan naman da aka miƙa wa gumaka. Ya yarda gunki ba kome ba ne, amma ya ce in cin naman zai sa ɗan'uwa mai raunin lamiri ya yi tuntuɓe, gara ya bar nama har abada. Saboda haka ɗalibin da ya dawo hutu daga Zariya kada ya rataye fuskar dodo a zauren gida yana yi wa kakarsa dariya wai ba ta waye ba. Ita ta san abin da ta baro, shi a littafi ya gani. Wanda kuma ya ga lalle sai ya ƙone nasa kayan tsafi kafin ya sami barci, kada a hana shi. Mutanen Afisa sun ƙone littattafansu na sihiri a Ayyukan Manzanni sura 19. Amma nasu suka ƙone, da hannunsu, da yardar ransu. Ba a rubuta cewa sun shiga gidan maƙwabci da wuta ba. A nan ne waɗansu masu wa'azi na dā, baƙi da 'yan gida, suka wuce gona da iri, suka haɗa ganga da molo da kayan tsafi suka cinna musu wuta gaba ɗaya, yau jikokinsu suna neman yadda kakanni suke kiɗa ba su samu.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce wadda ta fi nauyi a kan jami'o'i. Yaya abin ya zo hannunsu? Aikin ɗalibi da ya bari a Zariya ba shi da wata magana. Amma akwai kayan da aka ɗauke da bakin bindiga, akwai waɗanda aka sace da dare daga ɗakin tsafin da masu shi suna nan da rai, akwai kawunan Nok da aka yi ta haƙa a ɓoye ana sayarwa ƙetare. A 1897 sojojin Ingila suka ci birnin Benin suka kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa. Jami'ar Aberdeen ta sayi ɗaya daga cikin kawunan a 1957, ta riƙe shi fiye da shekara 60, sa'an nan a Oktoba 2021 ta mayar wa Nijeriya, bayan ta amsa da bakinta cewa hanyar da aka samo shi ba ta da kyau. A watan nan kuma wata kwaleji ta Jami'ar Cambridge mai suna Kwalejin Yesu ta mayar da zakaran tagulla. Dokar da ta hana sata tana cikin sura ɗaya da wadda ta hana gumaka. Kirista ba shi da izinin cewa, tun da kayan arna ne, halal ne a ɗauke. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in iyaye sun koya wa yaro cewa kayan wanda ba ya bin addininsu ganima ne, kada su yi mamaki ranar da ya fasa shagon maƙwabci a kasuwa.

Akwai wata hasara kuma da ba a mayarwa da jirgi. Mai ziyara ya duba 'yar takardar da ake liƙawa a gindin tsofaffin kayan nan, a Turai ko a Afirka. Yawanci zai ga sunan kabila, da sunan lardi, wani lokaci da sunan Baturen da ya kawo. Sunan wanda ya zauna a gindin itace da gizago ya yi wata guda yana aikin, babu. An san Ladi Kwali, maginar tukwane, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20, domin ta yi zamani da masu rubutu. Matan da suka koya mata tun tana yarinya a ƙauyen Kwali, da dubbai irinsu a bakin kogin Ubangi, sun tafi da sunayensu. Littafin Fitowa kuwa ya rubuta na maƙerin alfarwa har da na mahaifinsa da kakansa, Bezalel ɗan Uri, jikan Hur, na kabilar Yahuza, ya ƙara da na mataimakinsa Oholiyab, na kabilar Dan.