An Ƙara Albashi, To Wa Aka Ƙara Wa?

Akwai wata magana da ta zauna a bakinmu tun tsakiyar shekarar 2024. Ka je Katako sayen mudun masara, ka ce ya yi tsada, sai a ce maka, "Ai an ƙara albashi." Mai keke ya kai ka Terminus ya nemi ƙari, amsar ke nan. Mai gida ya aiko wa ɗan haya cewa kuɗin ɗaki ya tashi, ita ce dai. Abin da ke ɗaure kai shi ne, mai faɗin maganar ba ɗan albashi ba ne, wanda ake faɗa wa ma sau da yawa bai taɓa jiran ƙarshen wata ba a rayuwarsa. Shin ƙarin da gwamnati ta yi wa ma'aikacinta hujja ce gare mu mu ƙara wa juna farashi?

Bari mu fara da abin da aka ƙara ɗin. A ranar 29 ga Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, bayan ja-in-ja mai tsawo da ƙungiyoyin ƙwadago, har da yajin aikin farkon watan Yuni da ya kashe wutar lantarki a ƙasar baki ɗaya. Kafin shekarar ta ƙare Gwamna Caleb Mutfwang ya amince da biyan 70,000 ɗin a Filato. A takarda, ƙarin ya fi ninki biyu. A kasuwa kuwa labarin daban ne. Naira 125 da aka yanke a 1981 zamanin Shagari, bayan yajin aikin da Hassan Sunmonu ya jagoranta, ta kai kimanin dala 200 a canjin wancan lokaci. Dubu 30 ta Buhari a 2019 ta ɗan haura dala 80. Dubu 70 ta Tinubu, ranar da aka sa mata hannu, ba ta kai dala 50 ba, kuma a lokacin a kasuwanni da yawa ba ta sayen buhun shinkafa mai kilo 50. Lambar tana ta ƙiba, abin da take saye yana ramewa.

Tsoron da muke yi wa ƙarin albashi ba banza ba ne, yana da asali. Dattawanmu da suka ga zamanin Gowon har gobe suna ambaton Udoji. Kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawarar ƙari a 1974, aka biya a farkon 1975 haɗe da bashin watannin baya dunƙule guda. Kuɗin mai ya cika baitulmali a lokacin, ma'aikata suka fito kasuwa da aljihu cike, kowa na neman rediyo da babur da katifa a rana ɗaya, kayan kuma ba su ƙaru ba, wasu ma suna maƙale a jiragen ruwa a tashar Legas. A shekarar hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100. Daga nan aka gaji cewa albashi na tashi, kasuwa na binsa.

To amma a 2024 wa ya riga wani? Tallafin mai an cire shi ne ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta da kanta, dala ta yi sama. A shekarar ce rikici ya raba manoma da yawa da gonakinsu a Mangu da Bokkos, inda masararmu da dankalinmu ke fitowa. Zuwa Yunin 2024, wata guda kafin a sa hannu a dokar, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara ɗaya. Ka ga ke nan tsadar ta yi wata goma sha huɗu tana cin mutane kafin ma'aikaci ya ga ko sisi. A zamanin Udoji albashi ne ya ja kasuwa. A namu zamanin kasuwa ce ta yi gaba, albashi ya biyo ta a guje yana haki, bai ma cim mata ba.

Ba wai ƙarin albashi ba ya taɓa farashi ko kaɗan ba ne. Yana taɓawa. Wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, David Card da Alan Krueger, sun bi gidajen sayar da abinci a jihar Niyu Jasi lokacin da aka ɗaga ladan awa ɗaya daga dala 4.25 zuwa 5.05 a 1992, suka gwada da na jihar Fensilbaniya da ke maƙwabtaka inda ba a ƙara ba. Sun tarar ba a rage ma'aikata ba, farashin abinci kuma ya tashi da kimanin kashi 4 cikin 100, alhali ladan ya ƙaru da kusan kashi 19. A can fa mai gidan abincin shi ne ke biyan ƙarin daga aljihunsa, duk da haka ɗan kaɗan ya ɗora wa mai saye, domin lada kashi ɗaya ne kawai daga cikin abin da yake kashewa. Amurka ba Jos ba ce, mun sani. Amma lissafin ya shafe mu ta nan: mai hatsi a Katako nawa ne na albashin ma'aikacin sakatariya a cikin kuɗin buhunsa? Babu ko kwabo. Akwai kuɗin manomi, akwai na mota, akwai na lodi da sauke, akwai abin da ake tsinka a shingayen hanya. Albashin gwamnati ba ya ciki.

Dole a yi wa ɗan kasuwa adalci a nan, domin mafi yawanmu shi ne. Wanda ya saro katako daga kudu, dizal ya tashi kafin ya sayar da rabi, idan ya sayar a tsohon farashi ba zai iya sake saro ko kashi biyu cikin uku na abin da ya sayar ba. Haka jari ke narkewa mutum yana ganin kamar ciniki yake yi. Mun ga rumfunan da suka rufe ta wannan hanya. Wanda ya ƙara farashi don ya iya mayar da kayansa, ba wanda zai zarge shi. Wannan daban yake da wanda ya ji labari a rediyo da asuba, kafin hantsi ya canza farashin kayan da ke jibge a sitonsa tun kaka, ba don wani abu ya ƙaru a kansa ba, sai don ya ƙiyasta cewa aljihun mai saye ya yi nauyi. Shi wannan ba kuɗin kayansa yake karɓa ba, rabonsa yake yanka daga albashin wani. Kuma da ma'aikacin kaɗai zai yanka da sauƙi. Farashi ba ya tambayar katin aiki. Bazawara mai tuyar ƙosai da ɗan dako da almajiri duk mudu ɗaya ake auna musu.

Nan ne maganar ta fi ciwo. Dokar ba ta hau kan wanda ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, ba ta kuma shafi mai aikin 'yan sa'o'i ko wanda ake biya gwargwadon abin da ya yi ba. Hukumar ƙididdiga ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba sa ƙarƙashin irin aikin da ke da takarda. A unguwarmu ba sai an kawo ƙididdiga ba, ka leƙa layinku kawai. Yaron shago, mai yankan katako a inji, mai turin baro, mai ga-ruwa, yarinyar da ke wanke-wanke a gidan abinci, malamar da ke koyarwa a ƙaramar makarantar kuɗi, ina wanda doka ta ƙara wa a cikinsu? Ƙarin bai zo musu ba, tsadar da aka jingina da ƙarin kuwa ta same su har ɗaki. Kuma gwamnatin waɗannan mutane ba ta Abuja, ba ta Rayfield. Mu ne. Hannunmu ne ke miƙa musu abin da za su kai gida.

Saboda haka duk wanda ya ɗauki "an ƙara albashi" ya mayar da ita dalilin ƙara farashi, ya ɗaure kansa da igiyar da ya saƙa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Idan ƙarin albashi ya isa hujjar ɗaga mudu, ya isa hujjar ɗaga sallamar yaron da ke auna mudun. Ba ya yiwuwa a ce zamani ya canza a wajen karɓa, a wajen bayarwa kuma a ce ana nan a 2019.

Za a ce, ai yaron shago ba albashi ya zo nema ba, sana'a yake koyo, ana ci da shi, wata rana kuma za a yaye shi da jari. Gaskiya ne, kuma wannan tsari namu ya fitar da alhazai da yawa da babu wata dokar albashi da za ta fitar. Ba ma son a zo da takardar ofis a rusa shi. Sai dai jarin da ake alkawari shi ma naira ne, kuma tsada ta cinye shi kamar yadda ta cinye albashi. Abin da ya isa buɗe rumfa shekara biyar da suka wuce yau ba ya cika kanta ɗaya. Kuma wanda ake kira yaro a shago sau da yawa magidanci ne mai 'ya'ya uku, yana biyan hayar da aka ƙara masa da sunan albashin da bai gani ba. Za a kuma ce riba ta yi ƙasa, mai rumfa da kansa da ƙyar yake kai wa. Wannan ma akwai shi, kuma babu mai cewa ƙaramin ɗan tireda ya biya 70,000. Wanda bai da hali ya zaunar da yaronsa ya faɗa masa gaskiyar ciniki, ya ƙara ɗan abin da ya sawwaƙa. Amma akwai waɗanda a cikin wannan tsadar suka sake mota, suka ɗora bene, kuɗin abincin ranar yaransu kuwa ko naira ɗari bai motsa ba. Su ma sun san kansu, maƙwabta ma sun sani.

Sabuwar dokar ta ce za a riƙa duba albashin duk bayan shekara uku maimakon biyar, wato 2027 za a sake zama. 'Yan ƙwadago za su zo da lissafinsu, gwamnoni su zo da kukansu. Masu turin baro na Katako ba su da kujera a wannan zama. Suna da ita a wajen shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin 'yan katako da 'yan hatsi, waɗanda ba ya ɗaukar su mako guda su daidaita a kan sabon farashi idan dizal ya tashi. Zaman da ke iya yanke kuɗin buhu zai iya yanke kuɗin ɗaukarsa a rana ɗaya.